Gaz Da Wutar Lantarki A Tamanrasat: Inda Ƙarancin Yake Fitowa

Duk wanda ya taɓa yin sanyin watan Janairu a Tahaggart ya san abin da ake gani bayan sallar asuba: magidanta da samari sun jera tukwanen gaz a ƙofar kanti, kowa ya naɗe da bargo, ana sauraren isowar mota. Wata safiya irin wannan wani dattijo daga cikin abokan mahaifina ya dube ni ya ce, “Ɗan liman, kai da ka yi boko, gaya mini: ƙasar da take sayar wa Turawa gaz, yaya aka yi uwar ƴaƴana take hura gawayi?” Na ce, “Baba, amsar tana da tsawo.” Ita ce nake so in kawo a nan, domin tambayar ta kowane gida ce.

Da farko dai, arzikin gaskiya ne. Tun shekarar 1956 aka gano babban filin gaz na Hassi R'mel. Aljeriya tana fitar da kimanin kubik mita biliyan 100 a shekara, kamfanin Sonatrach kuma yana tura wani kaso zuwa Italiya da Sifaniya ta bututun da suka ratsa ƙarƙashin teku. Sai dai wajen rabin abin da ake fitarwa a cikin gida ake ƙone shi, domin kusan dukkan wutar lantarkin ƙasar da gaz ake samar da ita. Jama'a na ƙaruwa, gidaje na ƙaruwa, na'urorin sanyaya ɗaki sun shiga ko'ina. A watan Yuli na 2024 buƙatar lantarki a ƙasar ta haura megawat 19,000 a lokaci guda. Tun da yaƙin Yukuren ya ɓarke a 2022 kuma, Turai ta ƙara matsa neman gaz ɗin Aljeriya. Ke nan rijiya ɗaya ce, masu guga biyu: gida da kasuwar waje.

Abu na biyu shi ne nisa. Tsakaninmu da Alje, babban birnin ƙasa, kusan kilomita 2,000 ne. Tun asali garinmu da tashoshinsa na kansa yake dogaro, irin waɗanda kamfanin Sonelgaz yake gudanarwa a garuruwan kudu, kuma shekara da shekaru da man gazuwal da ake kawowa ta mota suka yi aiki. Gari irin wannan, idan injinsa ya tsaya ba shi da maƙwabcin da zai ara masa wuta. An samu ci gaba: a 2015 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 13, daga baya kuma bututun gaz mai tsawon fiye da kilomita 500 ya iso daga In Salah. Har ruwan da muke sha, wanda tun 2011 ake turo shi daga In Salah ta tazarar kilomita 750, sai da ƙarfin injuna yake hawowa tudun Ahaggar. Rayuwarmu duka a ƙarshen doguwar igiya take rataye.

To, me ya sa layin tukwane bai ƙare ba alhali bututu ya iso? Saboda gaz iri biyu ne. Na bututu yana shiga gidan da aka ja masa layi ne kawai. Da yawa daga cikin iyalanmu ƴan haya ne, wasu a gidajen da ba su da cikakkun takardu, don haka tukunya mai kilo 13, wadda kamfanin Naftal yake rarrabawa, ita ce madogararsu. Wannan gaz kuwa ta hanyar mota yake zuwa daga nesa. Garinmu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, darensa a lokacin ɗari yana da tsanani, sai tukunyar da ake girki da ita ta koma ta ɗumama ɗaki da ruwan wanka. Buƙata takan ninka cikin ƴan kwanaki, motoci kuwa ba sa ninkawa.

Abu na uku, wanda ba mu cika son a faɗa ba, shi ne arha. Hukuma ta riƙe farashin tukunya a dinari 200 tsawon shekaru, gidajen kudu kuma ana yafe musu kashi 65 cikin ɗari na kuɗin lantarki har zuwa wani ƙayyadadden adadi a shekara. Wannan rahama ce ga talaka. Amma abin da ya yi arha a nan ya yi tsada a ƙetaren iyaka, dole ya ja hankalin masu fasa-ƙwauri. Abin da ba a jin zafin biyansa kuma, ba a jin zafin ɓarnatar da shi. Ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗani ainihin rashi a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar da take ba ta, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take amfani da shi. Wanda ya ji labarinsu ba zai bar fitila a kunne da rana tsaka ba.

Saboda haka wani sashe na maganin a hannunmu yake. Idan aka ji raɗe-raɗin ƙaranci, mai hali ya sayi tukwane biyar ya kulle, to shi ya mayar da raɗe-raɗin gaskiya, kuma gwauruwar da take da tukunya ɗaya ita za ta kwana babu wuta. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi kan ɓoye kayan masarufi don a tsawwala farashi, da kuma almubazzaranci, kuma hukuncin bai tsaya kan hatsi kaɗai ba. Maigida ya cika tukunyarsa ta ajiya tun kafin ɗari ya shigo, ya tsaya a kan guda ɗaya. A lokacin zafi a jinkirta guga da injin wanki su wuce tsakar rana da farkon dare, lokacin da nauyi ya fi yawa a kan tasha.

Akwai kuma batun rai. Duk shekara iyalai suna mutuwa cikin barci a Aljeriya saboda gubar da wuta take fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ranar da gaz ya yanke aka koma ga gawayi, ranar haɗarin ya fi girma. Kada a kwana da kaskon wuta ko murhun gaz a ɗakin da aka toshe, a bar wa iska kafa ko da sanyi ya yi tsanani. Tun 2023 Sonelgaz ya fara saka na'urar gano wannan guba a gidaje kyauta. Wanda aka saka wa, kada ya cire ta don ƙararta ta dame shi.

Dattijon nan ya samu tukunyarsa a ranar, amma sai bayan azahar, kuma wani maƙwabci ne ya ba shi aron tasa aka yi wa yara abin kari. Idan ɗari ya sake zagayowa, kowannenmu ya leƙa gidan da yake kusa da shi ya tambaya ko an ɗora tukunya. Allah ya sa mu dace.