Bairos a Matsayin Ɗan Aike: Ina Haɗarin Sabon Maganin Sikila Yake?

Daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha, da wuya ka samu unguwar da babu gidan da ke fama da sikila. Ana ƙiyasta cewa a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Shi ya sa labarin ya karaɗe wayoyi lokacin da hukumar FDA ta Amurka ta amince da magunguna biyu na gyaran ƙwayar halitta, Casgevy da Lyfgenia, ranar 8 ga Disamba 2023. Abin da ya fi ɗaga hankalin mutane shi ne jin cewa da bairos ake haɗa Lyfgenia, kuma daga HIV aka samo shi.

Yadda abin ke aiki

Likitoci na ɗebo uwayen ƙwayoyin jini na majiyyaci, su kai ɗakin gwaji. A can ake haɗa su da bairos ɗin da aka cire masa sassan da yake hayayyafa da su, aka ɗora masa lafiyayyen umarnin ƙera himogulobin. Ya zama ɗan aike ke nan: ya shiga, ya ajiye saƙo a cikin DNA. Ba ya sa wa mutum ƙanjamau. Daga nan sai a ba majiyyaci magani mai ƙarfi, busulfan, ya share ɓargonsa, a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara.

Matsalar tana wurin ajiye saƙon

Duk mai rubuta manhaja ya san abin da ke faruwa idan aka liƙa sabon layi a inda bai dace ba: layin lafiyarsa ƙalau, amma ya kunna abin da ya kamata ya zauna a kashe. Bairos ba ya zaɓen adireshi. A gwajin da aka yi wa yara 20 masu lalurar rashin garkuwar jiki a Faris da Landan, aƙalla biyar sun kamu da kansar jini, an fara gano hakan a 2002. A yawancinsu saƙon ya sauka ne kusa da wata ƙwayar halitta mai suna LMO2, ya tayar da ita.

Bayan haka aka koma ga 'yan aike na dangin HIV, aka rage musu ƙarfin tayar da maƙwabta. Haɗarin ya ragu, amma bai ƙare ba. A 2024 an ba da rahoton cewa yara 7 cikin 67 da aka yi wa Skysona, maganin wata cutar ƙwaƙwalwa, sun kamu da kansar jini. A gwajin Lyfgenia ma mutum biyu sun kamu, duk da bincike bai ɗora laifin a kan bairos ba. Saboda haka maganin na ɗauke da gargaɗi mafi tsanani na FDA.

Casgevy ba ya amfani da bairos, da fasahar CRISPR yake gyara. Amma shi ma sai an sha busulfan, wanda kan iya hana haihuwa.

Me ya shafe mu a Kaduna?

Lokacin da aka amince da su a 2023, an sa farashin Lyfgenia dala miliyan 3.1, na Casgevy miliyan 2.2. Ko da kuɗin ya sauko, akwai sharaɗin bibiyar majiyyaci shekara 15 da gwajin jini a kai a kai. Katin asibiti na takarda ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Ana buƙatar rumbun bayanai da zai bi mutum ko ya sauya asibiti ko gari, kuma wannan aikin masu manhaja ne, tun kafin maganin ya iso.

Kafin nan, akwai abin da ke hannu. Asibitin koyarwa na Barau Dikko, tsallaken kogi, yana cikin asibitocin Kaduna da Kano da aka gwada hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Gwajin jini kafin aure da gwajin jarirai ma suna nan.

Idan ka ga tallar "gyaran ƙwayar halitta" a WhatsApp ko Facebook, yi tambaya uku kafin ka taɓa aljihu: wace hukuma ce ta amince da shi, a wane asibiti ake yi, kuma wa zai bibiyi majiyyacin shekara 15? Wanda ya kasa amsawa, kuɗinka yake nema.