Mödlareuth: Ƙauyen da Rafi ya Raba Biyu

Mödlareuth wani ɗan ƙaramin ƙauye ne na manoma a ƙasar Jamus, arewa kaɗan da birnin Hof. Mazaunansa ba su wuce mutum hamsin ba. Ƙauyen yana zaune ne a cikin kwari, gonaki da tuddai da ƙananan dazuzzuka sun kewaye shi. Ta tsakiyarsa wani rafi ke gudana mai suna Tannbach, wanda saboda ƙanƙantarsa, a wurare da dama mutum zai iya tsallake shi da tsalle guda. Kusan duk tarihin ƙauyen a kan wannan rafi ya rataya, domin shi ne iyaka tsakanin jihohi biyu, wato Bavariya da Turingiya.

Wannan iyaka tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 16 aka tsayar da rafin a matsayin iyakar masarautu biyu. A shekarar 1810 aka kafa sababbin duwatsun shaida a bakinsa, a fuska ɗaya an sassaƙa haruffan KB, alamar masarautar Bavariya, a ɗaya fuskar kuma FR, alamar masarautar Reuss. Sai dai a wancan zamani iyakar ba ta takura wa kowa ba. Makarantar yara da gidan da ake taruwa a ci a sha suna ɓangaren Reuss, majami'ar da jama'ar ƙauyen ke zuwa kuwa tana garin Töpen, a ɓangaren Bavariya. Ana auratayya, ana noma tare, kuma dangi suna zaune a kowane tsallake. Iyakar ta masu mulki ce da masu karɓar haraji, manomi kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Al'amura sun sauya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1945 ƙasashen da suka ci yaƙin suka raba Jamus zuwa yankuna, kuma suka bi tsofaffin iyakokin jihohi wajen rabon. Da haka Bavariya ta faɗa hannun Amurka, Turingiya kuma hannun Tarayyar Sobiyet. Da aka kafa ƙasashe biyu a 1949, wato Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas, sai ɗan rafin nan ya wayi gari ya zama iyakar ƙasa da ƙasa. Da farko ana iya ƙetarawa da takardar izini. A shekarar 1952 hukumomin Gabas suka rufe iyakar, suka kafa shingen katako wanda ya fi tsawon mutum, suka kuma tashi wasu iyalai da ƙarfi zuwa cikin ƙasa. Mutanen gidan da ke da injin niƙa na bakin rafin sun tsere zuwa Yamma kafin a kwashe su, daga baya kuma aka rushe ginin.

An yi ta sauya shingen ana ƙara masa ƙarfi, har zuwa 1966 lokacin da aka gina katangar kankare mai nisan kimanin mita 700, tsayinta kuwa ya haura mita uku. Aka haɗa ta da hasumiyar tsaro da fitilu masu haska wurin dukan dare. Wannan ne ya sa sojojin Amurka suka laƙaba wa ƙauyen sunan "Ƙaramar Berlin". Abin lura a nan shi ne, a babban birni mutum yana iya zama nesa da katanga ya manta da ita, amma a ƙauye mai 'yan gidaje ƙalilan babu ƙofar da za a buɗe ba a gan ta ba. Wa yana iya hango rufin gidan ƙanensa, amma ba shi da hanyar zuwa. An hana mutanen Gabas ko da ɗaga hannu su gai da na tsallake, kuma baƙo ba ya shiga ɓangarensu sai da izini na musamman. A Yamma kuwa masu yawon buɗe ido ne ke zuwa kallon katangar, har George Bush babba ya ziyarci wurin a 1983 yana mataimakin shugaban Amurka. Mutum ɗaya kawai aka sani ya haura katangar ya tsira, a shekarar 1973, da taimakon tsani.

An buɗe katangar Berlin ranar 9 ga Nuwamba, 1989, amma Mödlareuth sai da ya jira wata guda cur. Ranar 9 ga Disamba aka fasa ƙofa ta masu tafiya a ƙasa, sannan ranar 17 ga Yuni, 1990, aka rushe mafi yawan katangar.

Da gangan aka bar wani sashe nata a tsaye, kuma shi ne a yau babban abin da ake zuwa gani. A kewayensa aka kafa gidan tarihi na rabuwar Jamus, inda baƙo zai ga hasumiyar tsaro da shingen ƙarfe da motocin masu gadin iyaka, ga kuma tsofaffin duwatsun shaida na 1810. Tsohon layin iyakar, mai nisan kusan kilomita 1,400, ya zama zirin ciyayi da itatuwa da ake kiyayewa domin tsuntsaye da namun daji. A 2015 gidan talabijin na ZDF ya nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Tannbach, wanda aka gina a kan labarin ƙauyen.

Ta fuskar mulki, har yanzu rafin yana nan a matsayin iyaka. Ɓangaren Bavariya yana ƙarƙashin hukumar Töpen, na Turingiya kuma ƙarƙashin garin Gefell. Saboda haka maƙwabta biyu da ke kallon juna suna da lambar gidan waya daban, da lambar tarho daban, da magajin gari daban, kuma motar wannan tana ɗauke da haruffan HO, ta wancan kuwa SOK. Hatta hutun makarantar 'ya'yansu ba lallai ne ya faɗo rana ɗaya ba.