Na'urar Maganaɗisu Mai Tona Ciwon Kwatangwalo

Daga cikin raunukan da ke samun 'yan ƙwallo da 'yan tsere, kaɗan ne suka kai na kwatangwalo da matsematsi wuyar ganewa. Dalili kuwa shi ne, ƙashi da guringuntsi da tsoka da agara sun haɗu a wuri ɗaya, ga su can cikin jiki inda hannun likita ba ya kaiwa. Hoton ƙashi da aka gano a shekarar 1895 yana nuna karaya sarai, amma ba ya bayyana nama mai taushi.

Wannan giɓi ne na'urar da ake kira MRI ta cike. Paul Lauterbur na Amurka ya fitar da hotonta na fari a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya hanzarta aikinta, aka ba su lambar Nobel tare a 2003. Akan kwantar da majinyaci cikin wani babban maganaɗisu, a aika masa igiyar rediyo. Ruwan da ke jikinsa shi ke mayar da amsa, kwamfuta ta juya amsar nan ta zama hoto dalla-dalla.

Fa'idarta ta fi bayyana ga mai tseren da wuyan ƙashin cinyarsa ya soma tsagewa saboda yawan gudu. Sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna kome da fari, alhali na'urar nan tana nuna kumburin ɓargo tun da wuri. In an gane, sai a hana shi taka ƙafar ko a ɗaure ƙashin da ƙarfe. In an yi sakaci ƙashin ya rabu, jini na iya yankewa daga kan ƙashin, ya mutu, mutum ya gurgunce da ƙuruciyarsa.

Amma fa hoto ba shi ne hukunci ba. Akan ga yagewar guringuntsi a jikin 'yan wasan da ba su jin ciwon kome. Don haka masanan da suka taru a Doha ta ƙasar Ƙatar a 2014 suka kasa ciwon matsematsi bisa bayanin majinyaci da gwajin hannun likita, hoto kuwa ya zama shaida mai ƙarfafawa. Lalle ne kuma duk mai ƙarfe a jikinsa ya sanar kafin a shigar da shi, gama maganaɗisun yana fizgar ƙarfe da tsananin ƙarfi.