Magungunan Ciwon Damuwa Da Na Zumuɗi: Yadda Suke Aiki A Jiki

A zagayen da muka yi na ƙungiyoyin gama kai bayan kaka, mun tarar da magana iri ɗaya a wurare biyu. A wani ƙauye, mutumin da kowa ya sani da himma ya bar ciyawa ta cinye gonarsa. Wata biyu yana kwance a ɗaki, ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, abinci ma sai an matsa masa. A ɗaya wurin kuwa, wani ya karɓi rancen taki ya kashe, ya sayar da shanun huɗarsa cikin mako guda, ya kwana huɗu bai runtsa ba yana tsara yadda zai kafa injin niƙa a kowace unguwa. An kai dukansu asibiti, an ba su magani. Sai 'yan ƙungiya suka tambaye mu: wannan magani me yake yi, don me kuma ba ya aiki nan da nan kamar na zazzaɓi? Mu malaman gona ne, ba likitoci ba, amma mun zauna da ma'aikatan lafiya mun tambaya.

Na farkon yana da ciwon damuwa mai tsanani. Na biyun yana da abin da likitoci ke kira maniya, mu kuwa a nan za mu ce masa ciwon zumuɗi. Akwai mutanen da ciwon biyu ke zuwa musu bi da bi, wani lokaci zumuɗi, wani lokaci damuwa. Dukansu ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma suna da magani. A yi wa mai ciwo addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ɗaure shi da sarƙa bai taɓa warkar da kowa ba.

Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyi masu aika wa juna saƙo. Ba su manne da juna ba, akwai ɗan rata tsakaninsu. In ɗaya za ta yi wa ta gaba magana, sai ta saki wani sinadari cikin ratan, ta gaban ta karɓa, sa'an nan ta farkon ta tsotse abinta ta mayar. Biyu daga cikin sinadaran nan su ne serotonin da noradiranalin. Yawancin magungunan damuwa suna toshe wannan tsotsewa ne, don sinadarin ya daɗe cikin ratan.

Toshewar tana faruwa tun ranar farko, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani ma sai 6, domin ƙwaƙwalwa a hankali take gyara kanta. Kun san in an zuba wa masara taki yau, ba gobe ganyenta zai yi duhu ba. Abin takaici shi ne, illolin maganin su ke riga amfaninsa isowa. Nan ne mutane da yawa ke yar da shi, su ce bai karɓe su ba.

An gano magungunan nan ne bisa tsautsayi. A 1952, a wani asibitin masu tarin fuka a Amurka, aka lura wani sabon maganin tari yana sa majinyata fara'a. A 1957 Dokta Roland Kuhn na ƙasar Suwizalan ya ba da labarin imifiramin. Ɗan'uwansa amitiriftilin, wanda ya fito a 1961, shi aka fi samu a ƙananan asibitocinmu saboda arha. Akan fara da miligiram 25 da dare, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yana sa barci, bushewar baki, taurin bayan gida, da jiri in mutum ya miƙe da sauri. Tsoho mai wahalar fitsari, da mai ciwon zuciya, su faɗa wa likita tun kafin a rubuta musu. Babban haɗarinsa kuwa, in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya har ya kashe, yaro ma 'yan ƙwayoyi sun isa. Kada a ajiye shi a taga ko ƙarƙashin matashi.

Fuluwoksetin, wanda aka sani da sunan Prozac, an amince da shi a Amurka a 1987. Serotonin kaɗai yake taɓawa, don haka bai kai na farkon haɗari ga zuciya ba. Da safe ake sha, yawanci miligiram 20. Yakan kawo tashin zuciya da ciwon kai a kwanakin farko, wasu kuma yakan rage musu sha'awar iyali. Wannan ba abin kunya ba ne a faɗa wa likita, gara a faɗa da a daina sha a ɓoye. Kada a haɗa shi da tiramol ɗin da samari ke sha don su jure aikin gona, haɗin yana iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa da farfaɗiya. Burkutu da kowace irin giya ma a bar su.

Ga abin da muke so shugabannin ƙungiya su riƙe da kyau. A makonnin farko ƙarfin jiki yakan dawo kafin baƙin ciki ya tafi. Mutumin da dā ba ya iya tashi, yanzu yana iya tashi, zuciyarsa kuwa har yanzu tana cikin duhu. A lokacin nan ne wasu ke yunƙurin hallaka kansu, musamman matasa. Mu manoma a cikin gidajenmu muke ajiye maganin feshi da na ƙwarin rumbu. In akwai mai wannan ciwo a gida, a kai waɗannan sito na ƙungiya a kulle. Wani babba a gidan ya riƙe ƙwayoyin, ya riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya. In ya fara maganar mutuwa, a tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a koma asibiti a ranar.

In ya warke, ba a tsayawa. Akan ci gaba aƙalla wata 6, sau da yawa har 9 zuwa 12, sa'an nan likita ya rage a hankali. Magungunan nan ba sa kama mutum kamar tiramol, amma yanke su farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma yakan dawo.

Ciwon zumuɗi dabam yake. Mai irin ciwon nan na bi da bi, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya jefa shi cikin zumuɗi. Saboda haka in kun kai mutum yana cikin damuwa, ku tuna wa likita in ya taɓa yin lokacin rashin barci, yawan magana da ɓarnar kuɗi, ko da shekara biyar ke nan. Shi mai ciwon ba zai faɗa ba, don a wurinsa lokacin nan ne ya fi jin daɗin duniya.

In zumuɗi ya tashi, akan kwantar da shi da magunguna irin su halofaridol ko Largactil, masu rage ƙarfin wani sinadari mai suna dofamin. Sukan sa sanƙarewar wuya da rawar hannu, akwai kuwa maganin wannan a asibiti. Bayan haka sai a ba da wanda zai hana ciwon dawowa, akan sha shi shekara 2 ko fiye.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne litiyam, wani irin gishiri ne da Dokta John Cade ya gwada a Ostireliya a 1949. Yana aiki ƙwarai, har yana rage yunƙurin kashe kai. Amma tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke zama guba, tazarar kaɗan ce. A gwajin jini ana son a same shi wajen 0.6 zuwa 1.0, in ya wuce 1.5 an shiga haɗari. Ƙoda ce ke fitar da shi, tana kuwa ɗaukarsa tamkar gishirin miya. In jiki ya rasa ruwa da gishiri, ƙoda sai ta riƙe gishirin da ya rage, ta riƙe litiyam tare da shi. To, ku dubi manomi yana sharar gona cikin zafin Afrilu, gumi na zuba tun safe, ko wanda gudawa ta kama da damina, ko mai dogon azumi. Ƙwayar da yake sha kullum lafiya lau, ita ce za ta taru a jininsa. In ya sayi ibufurofen ko dikulofenak a kemis don ciwon baya, abin ya ƙara muni, don su ma suna hana ƙoda fitar da shi. Panadol ya fi masa. Alamun guba su ne rawar jiki mai ƙarfi, amai, gudawa, tangaɗi kamar wanda ya bugu, da nauyin harshe. In an ga haka a tsai da maganin, a ba shi ruwa, a tafi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Shi ya sa ba a ba da litiyam sai inda ake iya gwajin jini kowane wata 3 zuwa 6, a duba ƙoda da maƙoƙo kuma.

Inda ba gwaji, akan ba da Tegretol ko Epilim, waɗanda asalinsu maganin farfaɗiya ne. Zumuntar mata su ji wannan. Epilim yana lahanta ɗan da ke ciki, wajen 1 cikin 10 na jariran akan haife su da nakasa, don haka ba a son ba mace mai shekarun haihuwa. Tegretol kuwa yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a dantse, da wasu magungunan ƙanjamau. In ƙuraje suka feso wa mai shan sa, ko bakinsa ya yi gyambo, a tsaya a ga likita nan da nan. Wadda ta ga ta sami ciki kada ta yanke magani da kanta, ta je asibiti cikin makon.

Abin da muka fi gani yana katse magani a ƙauye shi ne kuɗi. Yakan ƙare a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin mota ma babu. Muna ba ƙungiyoyi shawara su sa wannan cikin abin da asusun taimako zai iya rantawa, a biya da kaka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, asibitin koyarwa na Jos ma yana da sashensa. Duk wanda zai raka mai ciwo ya tafi da katinsa da kwalayen dukan abin da yake sha, har da na kemis da na gargajiya.