Jita-jitar Jiragen Japan Masu Nutso

Jama'a, akwai wani jirgin yaƙi da ke nutsewa cikin teku ya yi ta tafiya ba a ganinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda sojojinmu suka je Bama suka gwabza da Japanawa, irin wannan jirgi ya hana mutanen Amurka barci.

Tsoron nasu da dalili. Ranar 23 ga Fabrairu 1942, wani jirgin Japan ya ɓullo a gaɓar Kalifoniya, ya yi harbi a kan wurin haƙar man fetur. Ɓarnar kaɗan ce, ba wanda ya mutu.

To, sai surutu ya fi harbin ƙarfi. Aka yi ta cewa wai manoma da masunta 'yan asalin Japan suna haska wa jiragen fitila da dare. Washegari da tsakar dare, sojoji a birnin Los Anjalas suka harba harsasai fiye da 1,400 sama, suna zaton abokan gaba ne. Gari ya waye, babu jirgin Japan ko ɗaya. Amma mutum 5 sun rasu: 3 a haɗarin mota cikin duhu, 2 kuwa zuciya ce ta buga.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan asalin Japan. An tsare kimanin 120,000 a sansanoni, alhali yawancinsu haifaffun Amurka ne. Da yawa sun rasa gonaki da gidaje. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta yarda ta biya kowane mai rai dala 20,000.