Masaɓar Da Ke Ƙera Kanta

Duk wanda ya bi babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ba makawa sai ya ratsa Lugbe. Galibin matafiya ba abin da suke lura da shi sai cunkoson motoci da rukunin gidajen gwamnatin tarayya. Amma a nan ne Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo take, mazaunin hukumar NASRDA wadda aka kafa a 1999. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, da aka harba a 2003, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi. Shi kuwa NigeriaSat-X na 2011, injiniyoyinmu ne suka harhaɗa shi da hannunsu a can Ingila, Turawan suna duba su. Tsakanin saye da ƙerawa akwai tazara mai yawa, kuma irinta ce ke tsakanin saurayin da ya sauko da manhajar kwamfuta a shirye daga intanet, da wanda ya zauna ya gina ta daga tushe.

To, mene ne tushen? Kowace manhaja rubutu ce da mutum ya yi cikin wani harshe na masu sana'ar, alal misali harshen C. Injin kuwa ba ya jin komai sai sifili da ɗaya. Saboda haka sai an sami tafinta, wato wata manhaja da za ta juya rubutun mutum zuwa harshen inji. Daga cikin shahararrun tafintoci akwai GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1987, ya kuma saki tushensa kyauta ga kowa. Ɗalibin Jami'ar Abuja ba ya bukatar ko dala ɗaya kafin ya mallake shi.

Mai son gina GCC zai fara sauko da tushen, ya tanadi wasu manhajojin lissafi uku da ya dogara a kansu, GMP da MPFR da MPC. Sa'an nan ya ba da umarnin configure, wanda zai binciki kwamfutar ya ga abin da take da shi da abin da ta rasa. Idan ya gamsu, sai a ba da umarnin make, a koma gefe a jira, don a ƙaramar kwamfuta aikin kan ci sa'o'i. Shi wannan make, Stuart Feldman ne ya ƙirƙiro shi a ɗakunan bincike na Bell a 1976, kuma yana da wata kyakkyawar ɗabi'a: ba ya maimaita abin da ya riga ya gama. In aikin ya katse, galibi daga inda ya tsaya zai ɗora. Wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga mazaunin Lugbe, ko Kano, ko Sakkwato, inda wutar lantarki ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Ga inda abin mamakin yake. Tafintan shi kansa rubutu ne, sai an fassara shi, kuma ba mai fassara shi sai wani tafinta. Maƙeri ya san wannan tun kaka da kakanni: ba a ƙera masaɓa sai da masaɓa. Don haka ginin GCC zagaye uku ne. Tsohon tafintan da ke cikin kwamfutar zai gina na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku. Daga nan a gwada na biyu da na uku. In sun saɓa, akwai kuskure a wani wuri, sai aikin ya tsaya cik.

Wani zai ce, wahalar me ke nan, ga shiryayye a intanet? Wanda ya gina da kansa yana iya gyara kuskure ba tare da jiran kowa ba, yana iya daidaita kayan aikin da irin injin da ke hannunsa. A ganinmu ƙasar da ke son ƙera tauraro na kanta ba ta da uzurin barin wannan sani a hannun baƙi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka gini kaɗai ya isa tsaro. Tun a 1984 Ken Thompson ya nuna cewa ana iya ɓoye tarko a cikin tafinta, ya riƙa dasa kansa a kowane sabon tafinta da ya gina, alhali tushen fes yake. A watan Maris na 2024 kuma aka gano wata ɓarauniyar ƙofa a manhajar xz, wadda kwamfutocin Linux ke matse fayiloli da ita. Wani ɓangaren makircin yana cikin umarnin ginin da aka cusa a ƙunshin da ake rabawa, babu shi a ma'ajiyar da jama'a ke dubawa, masu gini kuwa suka gina ba su gwada biyun ba. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya tona asirin, bayan ya lura shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar har sai da ya bi sawunta.