Kwana a daji kusa da tabkin kan dutse: ina ya kamata a kafa zango?

A ƙasarmu, matafiyi in dare ya yi masa yakan nemi kwari, kusa da rijiya ko tabki, ya sauke kaya. Wannan dabara ce ta ƙasar rairayi da zafi. Amma ɗalibai, direbobi, ƴan kasuwa da makiyaya da ke zuwa ƙasashen duwatsu, kamar tudun Adamawa na Kamaru, ya kamata su san cewa a can abin ya bambanta. A kan dutse, bakin ruwa shi ne wurin da bai dace a kwana ba.

Wane irin tabki ne wannan?

Birnin Ngaundere, inda Hausawa da Fulani da yawa ke zaune, yana kan tudu mai tsawon sama da metir 1,000 daga matakin teku. A kewayensa akwai ƙananan tabkuna, kamar tabkin Tison da na Ngaundaba, waɗanda itatuwa suka zagaye, mutane kuma kan je shan iska ko kwana. Waɗannan tabkuna bakunan tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da ruwa ya cika. Don haka siffarsu kamar ƙwarya take: ganuwa ta zagaye su, gefensu yana da gangara, kuma zurfi yana farawa kusa da baki. Ba irin tabkin damina ba ne da yaro ke shiga ruwa iya gwiwa.

Dalilai uku na nisantar bakin ruwa

Na farko, sanyi. Duk hawan metir 1,000, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6. Bayan haka, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare takan gangaro ta taru cikin kwari, tare da raɓa da hazo. Wanda ya kwana a bakin tabki zai wayi gari bargonsa a jiƙe, alhali na kan gangara yana a bushe. Jiƙaƙƙen tufafi da iska suna iya sauke zafin jikin mutum har ya fara kakkarwa, magana ta sarƙe masa. Yara da tsofaffi sun fi saurin kamuwa.

Na biyu, ruwan sama da ƙwari. A Adamawa damina ta fi tamu tsawo da ƙarfi, kuma duk ruwan da ya zuba a kan ganuwa kwari yake nufa. Sauro ma ya fi yawa a bakin ruwa, dabbobin daji da shanu kuma nan suke zuwa sha da dare.

Na uku, iskar gaz. A daren 21 ga watan Agusta 1986, tabkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar karbon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Iskar ba ta da launi, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka. Mutane fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan tudu suka tsira. Kafin nan, a 1984, tabkin Monun ya hallaka mutane 37 ta wannan hanya. Daga 2001 aka fara sa bututu a Nyos don fitar da iskar sannu a hankali. Irin wannan abu ba safai yake faruwa ba, kuma mafi yawan tabkunan duwatsu ba su tara wannan iska. Duk da haka darasin ya tsaya: abu mai nauyi, ko sanyi ne ko ruwa ko gaz, ƙasa yake nufa.

Yadda ake zaɓen wuri

• A isa da sauran rana, a gai da mai gadin zango ko mai garin da ke kusa, a nemi izni. Matambayi ba ya ɓata.
• A kafa tanti a wuri mai ɗan tudu, aƙalla metir 60 daga ruwa, wato taki 70 zuwa 80 na babban mutum.
• A ɗaga kai a duba: kada a kwana ƙarƙashin busasshen reshe, ko gindin dogon icen da ke tsaye shi kaɗai, saboda tsawa.
• A shimfiɗa leda, sannan tabarma ko busasshiyar ciyawa. Ƙasa ta fi iska jan ɗumin jiki.
• A ɗaura sange ko da ana jin sanyi, a kuma kakkaɓe takalma da safe.

Ruwan sha da tsabta

Ruwan tabki ko ya yi garau kamar madubi, ba shaida ce ta tsabta ba. A tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa har ya yi minti 1 yana ɓararraka. In wurin ya haura metir 2,000, minti 3, domin a can ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba. A guji wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya da kuma zurfi. Wanki da wanke-wanke, a ɗebo ruwa a bokiti a yi su nesa da baki. Wurin bahaya kuwa a haƙa rami mai zurfin santimetir 15 zuwa 20, nesa da tabki, a rufe bayan an gama: wannan ruwan shi mutanen ƙauye da dabbobinsu ke sha.

Wuta

A hura wuta a murhun da aka tarar. In babu, a share ciyawa a kewaye, a jera duwatsu busassu. Dutsen da aka ɗauko cikin ruwa yana iya fashewa in ya ji wuta. A tsinci busassun ƙirare da suka faɗo, kada a sari ɗanyen icce. Babban gargaɗi shi ne: kada a shigar da garwashi cikin tanti ko mota don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamunta. Wanda ya ji su a fitar da shi sarari nan take, a kai shi likita.

Kafin a kwanta ko a tashi, a zuba ruwa a kan wuta, a motsa toka, a ƙara zubawa, har sai an iya taɓa ta da hannu. Lokacin hunturu, garwashi ɗaya ya isa ya cinye daji da abincin dabbobi na shekara.

A ƙarshe, a kwashe leda, gwangwani da tsofaffin batura a tafi da su. A sanar da wani na gida inda za a kwana da ranar dawowa, domin a yawancin irin waɗannan wurare salula ba ta kamawa sosai.